Kurakuran da ake tafkawa wajen karanta alƙaluman mace-mace

Da zarar an fitar da rahoto kan mace-mace a Najeriya, sai ka ji ana juya shi a majalisun hira na Katsina, kowa da irin tasa fahimtar. Rayukan mutane ake ƙirgawa, don haka bai kamata a yi wa lambobin riƙon sakainar kashi ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗin lamba ba tare da cewa "cikin nawa" ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa 187, wato kusan ɗaya cikin biyar. Mata masu rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa kuma cikin haihuwa 100,000 ake lissafa su, kuma binciken ya samu 512. Kafin ka tura wa wani lamba a WhatsApp, ka duba cikin nawa ne, kuma ta wace shekara.

Sai batun tsawon rai. Ana cewa matsakaicin shekarun ɗan Najeriya wajen 54 ne, sai dattijo mai hamsin ya ji kamar an ce saura masa huɗu. Ba haka ba ne. A ɗauka uwa ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya ya koma kafin ranar suna, ɗayan ya kai tamanin. Matsakaicinsu arba'in, alhali babu wanda ya rasu yana da arba'in. Mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ke jawo lambar ƙasa, kuma can ne ya kamata hankalinmu ya koma: riga-kafi, awon ciki, maganin zazzaɓin cizon sauro da tamowa.

Wasu kuma kan ga Najeriya da Japan duk wajen mutum 12 cikin 1,000 ke rasuwa a shekara, sai su ce ashe lafiyarmu ɗaya. Japan ƙasar tsofaffi ce, mu kuwa kusan rabinmu yara ne. A kwatanta yara da yara, tsofaffi da tsofaffi.

Babban kuskuren dai namu ne na gida. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makabartar Ɗan Marna, kuma haka addini ya koyar. Amma bayan an share makoki babu mai zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya yi rajistar rasuwar, duk da dokar 1992 ta wajabta. Kusan mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ake rubutawa a ƙasar nan. Ga shi rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 5.8 a Jihar Katsina. Shi ya sa galibin alƙaluman ƙiyasi ne, har ka ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata 1,047 ne suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa cikin haihuwa 100,000 a 2020, ninki biyun na binciken 2018. Babu wanda ya yi ƙarya. Hanyar lissafin ce ta bambanta. Alƙaluman asibiti ma ba su ƙunshi wadda ta rasu a ɗakinta a wani ƙauyen Mai'adua ba.

Gyaran yana hannunmu. Bayan kwana ukun zaman makoki, wani daga cikin magada ya je ya karɓi takardar shaidar rasuwa. Ko ba komai za a neme ta a banki da wajen fansho. In an tambayi sanadi kuma, kada a tsaya ga "gajeruwar rashin lafiya". Ajali na Allah ne, amma a faɗi abin da aka gani: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, ƙyanda, ko amai da gudawa. Da irin wannan bayanin ake sanin unguwar da ke buƙatar ungozoma da wadda rijiyarta ta gurɓace.