Darasi na 9: Aikin Farko da Abin da Ya Koya Mana

Toh iyayena, yayyena da ƙannena, darasin yau babu wanda zai ce bai san komai a kai ba, don duk wanda ke zaune a ajin nan akwai ranar da aka fara damƙa masa kuɗi a hannu aka ce ga ladan aikinka. Wani da kiwo ya fara, wani noman ƙwadago, wata tallan ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa, wani dako, wani yaron mota, wani kuma tun yana ɗan mitsitsinsa aka kai shi garejin kanikawa yana miƙo sifana. Babu abin kunya ko ɗaya a ciki. Manzon Allah (SAW) da bakinsa ya faɗa cewa ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki ana biyansa ɗan lada, hadisin yana cikin Bukhari.

Za mu karanta a hankali, kowa ya bi da yatsa, in an gama sai mu ja layi a kwafi mu yi lissafi.

Yaron shago

Mu fara da wannan don shi ya fi yawa a garuruwanmu. Ku ɗauki Kantin Kwari a Kano misali. Yaro zai riga maigidansa zuwa, ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa ya share, ya kakkaɓe ƙura, ya jera atamfa da leshi da shadda yadda kalar za ta ja idon mai wucewa, kafin ya zauna ga baƙi sun sauka daga Nijar ko Chadi ko Kamaru, a ce masa ruga sito ka ɗauko turmi ashirin na waccan kalar, ya ruga ya dawo yana haki, ya ƙirga a gaban kwastoma, a ɗaure dila, ya kira ɗan dako ya raka shi har tasha ya tabbatar kaya sun shiga mota. Da azahar a ba shi na abinci, da yamma a ba shi na mota. Albashi kam yawanci babu maganarsa, abin da yake hange shi ne ranar da za a sallame shi, wato maigida ya ba shi jari ko ya ɗibar masa kaya ya ce je ka buɗe naka.

Abin da yaro ke koya a nan yana da yawa. Yana koyon sanin kaya da hannu, ya shafa yadi ya gaya maka mai kyau ne ko jabu. Yana koyon fuskar mai saye da fuskar mai taya wasa. Yana koyon haɗiye fushi in an zage shi a kan laifin da ba nasa ba. Sai amana, wadda ita ce jarin gaskiya, tsofaffin 'yan kasuwa za su gaya muku wasu iyayen gida da gangan suke barin kuɗi a aljihun tebur ba a kulle ba su tafi masallaci, su dai ga halin yaro. Da yawan manyan alhazan da kuke gani yau ta wannan ƙofar suka shigo.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Ranar da uba ko kawu ya kama hannun yaro ya kai shi shago, abin da ake cewa kawai shi ne "Alhaji ga ɗanka nan, amana", Alhaji ya ce "ba komai, Allah ya yi mana jagora", a shafa fatiha a watse. Shekara nawa zai yi? Ba a faɗa ba. Me za a ba shi in ya gama? Ba a faɗa ba. In kaya suka ɓace a kan wa? Shiru. Kowa kunya ta hana shi tambaya, wai kar a ce an raina Alhaji ko an zo da kwaɗayi. Sai yaro ya zama saurayi, ya zama magidanci, har yanzu ana ce masa yaron shago, in Allah ya yi wa maigida rasuwa kuma magada su ce su ba su san da wata magana ba, kuma a gaskiya ba su sani ba ɗin, tunda ba a rubuta ba, ba a kafa shaida ba. 'Yan kasuwar Ibo da muke zaune da su a Sabon Gari galibi tun ranar farko suke yanka shekarun da yaro zai yi a gaban danginsa, wannan kam abin koyi ne.

Ni a ganina wannan kunyar ba ta addini ba ce. Ku buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 26 zuwa ta 28 ku ga yadda aka ɗauki Annabi Musa (AS) aiki a Madyana. Dattijon da ya ɗauke shi ya faɗa ƙarara, shekara takwas za ka yi mini, in ka cika goma wannan daga gare ka ne, kuma an faɗi abin da zai samu. Annabi Musa ya amsa cewa wannan tsakanina da kai ne, duk wa'adin da na cika a cikin biyun babu ƙetare iyaka a kaina, Allah ne wakili a kan abin da muke faɗa. Annabi guda da surukinsa fa. Toh mu su wa da za mu ce tambaya rashin kunya ce? Tun ran gini ran zane.

Dako, yaron mota, ga-ruwa

Waɗannan ba sai na daɗe a kansu ba, darasinsu ɗaya ne, ƙirga. Ɗan dako a kasuwar Dawanau buhu-buhu ake biyansa, in bai riƙe adadin da ya sauke ba sai abin da aka ce masa. Shi ya sa za ka ga wani yana jefa tsakuwa a aljihu duk buhu ɗaya, wani yana jan layi da gawayi a jikin bango. Kwandasta kuma da mota na gudu yake haɗa kuɗin mutum goma sha a ka, ya ba kowa canjinsa, da dare ya yi wa direba balas. Mutanen nan sun iya lissafi sarai, abin da ya rage kawai shi ne su iya sa shi a takarda, don tsakuwa tana zubewa, gawayi kuma ruwa ɗaya ya isa ya wanke shi.

Ɓangaren iyayenmu mata

Hajiyoyi, ku ne za ku gyara mana in an yi kuskure a nan. Yawancinku da talla kuka fara, ko aikatau, surfe da daka da sussuka a gidan masu hali, wasu kuma an ɗauko su daga ƙauye an kai su birni aikin gida. Yarinya za ta tashi tun asuba, shara, wanke-wanke, raino, aike, ita ce ƙarshen kwanciya. Ƙarshen wata kuɗin ba hannunta yake zuwa ba, ko matar da ta kawo ta ta karɓa, ko uwar ɗaki ta ce ina tara miki na kayan ɗaki. Wasu iyayen ɗakin wallahi sun cika alkawari har da ƙari, sun yi wa yarinya gado da katifa da jere kamar 'yar cikinsu. Wasu kuma ran tafiya sai lissafi ya canza, a ce ai an yi miki ɗinkin salla, an saya miki magani, kin fasa kofi, a miƙo mata abin da bai kai rabi ba, ita kuma ba ta da bakin musu don ba ta san jimillar ba tun farko.

Darasin dai shi ne ki san nawa ne, ki san a hannun wa yake, ki san abin da aka cire da ranar da aka cire. Haka ma adashi, ki riƙa rubuta zubinki ko da uwar adashin yayarki ce. Kuma tunda mun ɗanɗana, kar mu bari talla ko aikatau ya hana 'ya'yanmu zuwa makaranta, ga shi mu sai da furfura muka zo koyon baƙi.

Aikin kamfani da na albashi

Dattawan da suka yi aikin masaƙa sun san zamanin da Kakuri a Kaduna take cika da kekuna in an tashi daga aiki. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ma ta rufe a 2007, a Kano kuma masana'antu da yawa na Bompai da Sharaɗa da Challawa haka suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ya ga wannan zamanin zai ba ka shawara biyu. Ta farko, adana takarda, ta ɗaukar aiki, ta albashi, katin shaida, ka sa a leda ka ɓoye, ranar neman haƙƙi su ake tambaya. Ta biyu, kar ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba, in ba ka gane ba ka ce zan je da ita gida a duba mini, ba laifi ba ne.

Ga kaɗan daga abin da dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce, ku riƙe. Wanda ya ɗauke ka aiki ya kamata ya ba ka takarda mai bayanin aikin da albashin kafin wata uku su wuce. In za a rabu akwai sanarwa, kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda in ya kai shekara biyar ko fiye. Mafi ƙarancin albashi kuwa a 1981 naira 125 ne, a 2011 ya koma 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a 2024 aka kai shi 70,000. Sai dai kar wani ya je ya tayar wa maigidansa da hankali gobe da safe, dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kun ga ke nan yaron shago da mai aikin gida babu abin da zai tsaya musu a kan albashi sai yarjejeniyar da suka yi da bakinsu a gaban shaidu. Wanda kuma Allah ya ɗaukaka a cikinmu ya zama shi ne maigida yanzu, ya tuna hadisin nan na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Mu rubuta

Kowa ya buɗe sabon shafi ya kwafi wannan, a bar gurbin yadda yake:

Yau ........ ga watan ........ shekara ta ........
Ni ........ na yarda zan yi wa ........ aikin ........
Daga ƙarfe ........ zuwa ƙarfe ........
Za a biya ni naira ........ duk rana / mako / wata
Abinci da kuɗin mota a kan ........
In kaya suka ɓace ko suka lalace ........
Wa'adin aikin ........
Shaida na ɗaya ........ Shaida na biyu ........
Sa hannu ........

Biyu ake rubutawa, kowa ya riƙe ɗaya, mai waya ya ɗauki hotonta ma. In wani ya ce maka ai rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, umarni ne a rubuta bashi, ladan aikin da ba a biya ba kuwa ai bashi ne.

A bayan shafin ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, gida huɗu ke nan. Na farko kwanan wata, na biyu aikin da na yi, na uku abin da aka ba ni, na huɗu saura. Kullum kafin a kwanta a cike layi ɗaya, ko da tiransifa aka yi maka ka rubuta, alat yana gogewa, waya tana ɓacewa.

Lissafi

1. A ce ana sauke buhu ɗaya a kan naira 200, ɗan dako ya sauke buhu 35, aka ba shi 4,500. Nawa yake bi?

2. A ce yarinya tana aikin gida a kan 15,000 duk wata, ta yi wata 8, a ciki ta karɓi 20,000 da salla, an saya mata maganin 12,000. Nawa ya rage a hannun uwar ɗakinta?

3. Wannan na su Baba ne. Naira ta fito a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya kobo goma. Wanda albashinsa na farko fam uku da sule biyar ne, nawa ke nan a naira?

Aikin gida

Kowa ya rubuta layi biyar a kan aikinsa na farko, wane aiki ne, a wane gari, nawa aka fara biyansa, me ya saya da kuɗin, me ya koya. Kar a sa sunan maigida ko uwar ɗaki, a ce wani Alhaji ko wata Hajiya kawai, don a gaban aji za a karanta. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya yi layi biyu, amma shi zai rubuta da kansa ba jikansa ba, ina gane rubutun 'yan firamare. A zo da kwafi da biro da rula.