Yadda Ake Gina Tsoro a Fim ɗin Gida Mai Fatalwa

Fara zagayawa da kyamara cikin gidan da rana: matakala, dogon lungu, ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sai mai kallo ya san mazaunin kowace ƙofa kafin ya lura wata ta buɗe da kanta.

Ɗauki hoton da lens (gilashin idon kyamara) mai faɗi, kamar na milimita 24. Ajiye ɗan wasa a gefe, ka bar duhu a bayansa, ido zai yi ta lalube a ciki. Kada ka yi saurin yankewa zuwa wani hoton.

Sauti ne ke yin rabin aikin. Saka gurnani mai zurfi kusa da hertz 20 (hertz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne), inda kunnen mutum ke fara ji, sannan ka ɗauke komai, wuri ya yi tsit. A nan ƙarar katako guda ke tsinka zuciya.

Babban kuskure shi ne nuna fatalwar ƙarara. Da an ga kwalliyar fuskarta a haske, tsoro ya gudu. Razanarwa da ƙara a kai a kai ma tana sa kunne ya saba. Kuma ka ba iyalin da ke gidan dalilin zama, misali sun zuba duk kuɗinsu a gidan, in ba haka ba mai kallo zai ce su kwashe kayansu mana.