Ka San Halinka Kafin Ka Tsara Cin Abincinka a Jami'a

Ɗalibai da yawa kan kwafi tsarin cin abincin wani, mako bai zagayo ba sun watsar. A ganina ba lalaci ba ne, tsarin ne bai dace da halinsu ba. Masana halayyar ɗan Adam irin su Paul Costa da Robert McCrae sun kasa halin mutum gida biyar, kuma waɗannan halaye suna bin mutum har gaban kwano. A nan zan taɓo huɗu daga cikinsu.

Fara da lura. Tsawon mako guda, duk sanda ka kai hannu ga abinci, rubuta a wayarka: yunwa ce, damuwa ce, ko don ka ga wasu suna ci?

Idan kai mai saurin shiga damuwa ne, kai na fi ji, domin lokacin jarrabawa ne abin ke tsananta. Damuwa mai tsawo tana sa jiki ya ƙara fitar da sinadarin kotisol, sai ranka ya riƙa biyan zaƙi da maiƙo. Kwanan karatu kuma yana ƙara yunwa washegari. Kada ka dogara da "zan daure". Tun da rana ka yanke: idan kwaɗayi ya taso da dare, zan sha ruwa in fita in zaga na minti 10, in har yunwar na nan sai in ci. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999 cewa shiri irin na "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi niyya kawai tasiri. Kayan zaƙi kuma kada su kwana kusa da teburin karatunka. Wani kuwa damuwa toshe masa ciki take yi. Irin wannan sai ya saita ƙararrawa a waya don lokacin cin abinci.

Mai son jama'a, binciken wani masani, John de Castro, ya nuna mutane sun fi ci da yawa a cikin taro. Ba sai ka guje wa abokai ba. Zuba naka a kwanonka tun farko, hira ta yi daɗi kada ka ƙara.

Mai son gwada sabon abu ya karkata sha'awarsa ga ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla giram 400 a rana.

Mai tsari da kiyayewa yakan fi kowa cin abinci a kan lokaci, amma wani lokacin tsarin kan zama takura. Idan ka kai ga ƙirga kowace loma, ko ɓoyewa don ka ci, ko tilasta wa kanka amai, ka je asibitin makaranta ka ga likita a wannan makon.