Yadda Matashi Zai Fara Sana'ar Ƙera Wasannin Waya Daga Sakkwato

Duk wanda yake son ƙera wasan waya ya dace ya fara da sanin tarihin kamfanin Rovio na ƙasar Finland. Ɗalibai uku ne suka kafa shi a shekarar 2003, suka fitar da wasanni 51 waɗanda ba su yi wani tashe ba, sannan Angry Birds ya fito a watan Disamba na 2009 ya karaɗe duniya, har kamfanin Sega na Japan ya sayi Rovio a 2023 kan kuɗin da ya haura yuro miliyan 700. Saboda haka kada ka zuba jarinka gaba ɗaya a wasanka na farko. Ka ɗauke shi wurin koyon aiki, ka kammala shi cikin wata biyu ko uku, ka kama na biyu.

Zaɓen wasan shi ne inda na fi son a tsaya a yi tunani. Wasan da ke karɓuwa a waya shi ne wanda mutum zai gane ƙa'idarsa cikin minti ɗaya, ya buga yana jiran a cika mota a tasha, ya ajiye ba tare da ya yi asarar komai ba. Candy Crush Saga, wanda kamfanin King ya fitar a 2012, jera abubuwa uku masu kama da juna ne kawai, amma shi ne ƙashin bayan cinikin da kamfanin Activision Blizzard ya yi a 2016, lokacin da ya sayi King kan dala biliyan 5.9. To, mu ma muna da wasan jera uku tun kaka da kakanni, wato dara, wadda dattawa ke haƙa wa gurabe 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokin karawarsa. Abin takaici ne a ce yaro a Mabera ko Runjin Sambo ya ƙware a wasannin ƙetare alhali bai san darar da kakansa ke bugawa a ƙofar gida ba. Idan ka fara da ita, ba sai ka wahala wajen koya wa mutanenka ƙa'ida ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai matsakaicin ƙarfi ta isa, sai manhajar ƙera wasa irin su Godot, wadda kyauta ce, ko kuma Unity. Ka gwada aikinka a kan mafi arhar wayar Android da za ka samu, domin irinta ce a hannun mafi yawan jama'a. Ka tabbatar wasan ba shi da nauyi wajen saukewa, yana tafiya ko babu data, kuma ba ya shan caji, tun da wayar da ta yi zafi a hannu cikin ranar watan Afrilu a Sakkwato ba mai haƙurin ci gaba da riƙe ta.

Kafin ka ɗora shi a intanet, ka kai shi majalisar unguwarku ko wurin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka miƙa wayar, ka yi shiru kana kallo. Inda ka ga mutum ya rikice ko ya miƙo maka wayarka, nan ne gyara yake, ko da ya ce maka wasan ya yi kyau don kara. Waɗannan mutanen za su sake yi maka rana, domin bayan dala 25 da ake biya sau ɗaya na buɗe asusu a Google Play, ana buƙatar sabon mai asusu na ƙashin kansa ya samo mutum 12 da za su gwada manhajarsa kwana 14 a jere kafin a ba shi izinin fitar da ita ga kowa. Apple mai wayoyin iPhone kuwa dala 99 yake karɓa duk shekara, don haka ka jinkirta shi.

Kuɗin shiga yakan fara ne daga talla, ta hanyar AdMob, tsarin Google na saka talla a manhaja, wanda ba ya biya sai abin da ka tara ya kai dala 100. Ka shiga saitinsa ka toshe tallan caca da na batsa tun ranar farko, saboda uba ɗaya da ya ga irin wannan a wayar ɗansa ya isa ya ɓata maka suna a unguwa. Bayan fitarwa, ka riƙa duba yawan waɗanda suka dawo washegari da kuma bayan mako guda. Idan suna dawowa, ka ci gaba da ƙara matakai kamar yadda King yake yi wa Candy Crush har yau. Idan kuwa ba sa dawowa bayan gyara biyu ko uku, ka rubuta abin da ka koya, ka buɗe sabon aiki.