Yadda ake ɗora manhajar OpenWrt a kan rauta mai araha

A garuruwan karkara irin na yankin Ringim, Gumel ko Bichi, mai shagon cajin waya ko shugaban makarantar da ke raba intanet ga mutane da yawa yakan sami rautarsa ba ta ba shi ikon hana mutum ɗaya cinye hanyar baki ɗaya, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina sabunta manhajar cikinta. Maganin wannan shi ne OpenWrt, manhajar kyauta da aka gina a kan Linux, wadda ta faro a 2004 bayan an fitar da lambobin manhajar rautar Linksys WRT54G ga jama'a.

Aikin yana farawa tun kafin a biya kuɗi. Idan za ka saya a kasuwar Farm Centre ko Beirut a Kano, ka juya rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙarƙashinta, domin bayan sunan samfuri akwai lambar zubi, kamar v2 ko v5, kuma rauta biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta a kayan ciki. Ka nemi sunan da lambar a jerin na'urori na shafin openwrt.org. Shawarata ita ce kada ka sayi wadda ma'ajiyarta ba ta kai megabait 16 ba, ko RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, ya gaza megabait 128. Tsohuwar rautar TL-WR841N mai ma'ajiyar megabait 4 da RAM megabait 32 tana da arha ƙwarai, amma sababbin fitowar OpenWrt sun bar irinta a baya, alhali Archer C7 ta TP-Link, daga zubi na v2 zuwa sama, ta cika sharaɗin.

A shafin na'urarka za ka tarar da fayil ɗin manhajar iri biyu. Mai ɗauke da kalmar factory shi ne na karon farko, mai kalmar sysupgrade kuwa na sabuntawa ne daga baya. Ka sauke na farkon a inda sabis yake da ƙarfi, ka gwada lambar SHA256 ɗinsa, wato lambar da ke tabbatar da cewa fayil ya sauka cikakke, da wadda aka rubuta a shafin, saboda fayil ɗin da ya sauka a gutsure yana iya kashe na'ura.

Babban haɗari a wajenmu shi ne wuta. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar rubutu, rautar tana iya ƙin tashi, don haka kada ka dogara da wutar NEPA ko janareta mai sauran mai kaɗan. Ka jona ta a inbata ko batirin sola da ya cika, laftof ɗinka ma ya kasance da caji. Sannan ka haɗa su da kebul ta ramin LAN, wato inda ake jona kwamfuta a jikin rautar, ba ta Wi-Fi ba. Ka buɗe shafin rautar, wanda a TP-Link yawanci 192.168.0.1 ne, ka shiga sashen Firmware Upgrade, ka zaɓi fayil ɗin, ka bar ta har ta sake tashi da kanta ko da ta ɗauki mintuna. Wasu samfuran ba sa karɓa ta wannan hanya sai ta TFTP, wata hanyar tura fayil zuwa na'ura, kuma shafin kowace na'ura yana bayyana tata.

Bayan ta tashi, adireshinta ya koma 192.168.1.1, kuma za ka ga Wi-Fi a kashe, wanda da gangan aka yi. Ka shiga da sunan root, ka sanya kalmar sirri nan take, sannan a sashen Wireless ka zaɓi Nijeriya a matsayin ƙasa, ka sa tsaron WPA2, ka kunna. Daga nan ka ɗora luci-app-sqm, ƙaramar manhajar da ke daidaita rabon intanet tsakanin masu amfani, ka rubuta saurin da ya ɗan gaza ainihin wanda layinka yake bayarwa, domin mai sauke bidiyo ya daina danne mai aika kuɗi ko ɗalibin da ke cike fom ɗin JAMB.