Bindiga a Mota: Takardar Jiharku Ba Ta Tsallake Gada

Watanni biyu da suka wuce wani yaro da bai cika shekara guda a Amurka ba ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, yana murna, ya ce, "Baba, an ce a Texas ko lasisi ba a nema, mutum ya sayi abarsa ya jefa a mota." Na tambaye shi da wace takarda ya shigo ƙasar. Ya ce bizar ɗalibi. Na kama hannunsa muka koma ciki muka zauna, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Abin da aka gaya masa gaskiya ne rabi. Tun 2021 Texas ta daina neman lasisi kafin babban mutum ya ɗauki ƙaramar bindiga, kuma fiye da rabin jihohin ƙasar sun bi wannan hanya. Amma a nan doka hawa biyu ce: akwai ta jiha, akwai ta tarayya a samanta, kuma takardunmu na zama duk a hannun tarayya suke. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da izinin zama, da wanda ya shigo da bizar wucin gadi irin ta ɗalibi ko ta ziyara, riƙe bindiga ko harsashi ko da guda ɗaya ne, in ban da 'yan keɓance-keɓance kamar mai ingantaccen lasisin farauta. Hukuncin yana iya kaiwa shekara 15. Kada wanda ke jiran amsar neman mafaka ya ɗauka katin izinin aiki ya wanke shi. Kuma ba sai ka saya ba. Ka bi abokai wurin koyon harbi ka riƙe ta a ɗauke ka hoto, ka riga ka shiga ciki.

Mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, yana da damar saye, kuma sayen ba shi da wuya: ka je shago, ka cike fom 4473, a binciki sunanka, ka biya. Abu ɗaya kawai zan ce a nan, kada ka cike fom ɗin da sunanka don ka saya wa wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Laifin tarayya ne mai zaman kansa. Kunyar da ke hana mu cewa ɗan'uwa a'a ba ta da gurbi a wannan shagon.

Inda wuyar take shi ne mota, kuma a nan ne ni na sha tawa.

Ina zaune a Harrisburg ta jihar Pennsylvania. Bayan an tare ni da makami wani dare ina dawowa daga aiki, na je ofishin sharif, wato babban jami'in tsaro na yankinmu, na nemi lasisin ɗaukar bindiga, na biya dala 20, aka ba ni na shekara 5. Komai bisa ƙa'ida. Tana zaune a aljihun gaban mota har na saba da ita kamar takardar inshora. Ranar wata Asabar muka tashi zuwa Bronx sunan ɗan ƙanwata, tafiyar kamar awa uku. Muka bi babbar hanya mai lamba 78, muka tsallake kogin Delaware muka shiga New Jersey. Ba shinge, ba mai tambaya, sai allo ɗaya na maraba. Ba mu yi nisa ba ɗan sanda ya tsayar da ni saboda fitilar birki ɗaya ta mutu. Da zan buɗe aljihun in ɗauko takardun mota, na ce masa cikin ladabi akwai bindiga a ciki, ga kuma lasisina. Ya karɓa ya duba, ya ce in fito. A gaban matata da 'ya'yana biyu aka sa mini ankwa. Ragon suna aka yanka ina tsare.

New Jersey ba ta amincewa da lasisin kowace jiha. New York ma haka. A New Jersey ɗaukar ƙaramar bindiga ba lasisinsu laifi ne da mafi ƙarancin hukuncinsa shekara uku da rabi ne ba sassauci. Ba ni ne na farko ba: a 2013 an kama Shaneen Allen, wata uwa daga Philadelphia mai lasisin Pennsylvania irin nawa, ita ma da bakinta ta faɗa wa ɗan sandan. Sai da maganarta ta cika ƙasa kafin aka sassauta, Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Shari'arta ce ta buɗe ƙofar da ni ma na bi, aka sa ni a shirin da ake kashe tuhuma in mutum ya cika sharuɗɗa. Na yi fiye da shekara ina zirga-zirgar kotu. Na rasa aikin tuƙin da nake yi. Kuɗin lauya kuwa jama'armu ne suka haɗa, daga Harrisburg, daga Bronx, har daga Greensboro, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Matan da ke adashi suka ba matata kwasar da ba tata ba ce. Ban san wata al'umma a ƙasar nan da take tashi wa nata irin haka ba, kuma har gobe ina jin nauyin wannan alheri.

Abin da lauyan ya gaya mini ranar farko shi ne ya hana ni barci. Ya tambaye ni ko ni ɗan ƙasa ne. Na ce na yi rantsuwa watanni kaɗan da suka wuce. Ya ce in gode wa Allah. A dokar shige da fice, duk wanda ba ɗan ƙasa ba aka same shi da laifin bindiga, ana iya tasa ƙeyarsa, ko da ya shekara 20 da girin kad. Kuma amsa laifi a gaban alƙali don a sassauta maka, wanda kotun jiha za ta shafe daga baya, hukumar shige da fice tana iya ƙirga shi a matsayin hukunci. Saboda haka in abin ya same ka, lauya ɗaya bai isa ba, sai ka haɗa da na shige da fice kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Za ka ji masu cewa ai akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa kowace jiha da bindigarsa. Akwai ta. Amma sharuɗɗanta su ne bindigar ta kasance ba harsashi a cikinta, ita da harsashin suna but inda hannu ba ya kaiwa, in motar ba ta da but sai a akwati mai makulli, kuma dokar ta fito fili ta ce aljihun gaba da akwatin tsakanin kujeru ba sa cikin lissafi. Sannan inda ka taso da inda za ka, dukansu sai kana da halaccin riƙe ta. Ni ko da na kulle tawa a but, Bronx na nufa, inda ba ni da izini. Ratsawa kuma ratsawa ce. Wani mutumin Utah, Gregg Revell, jirgi ya bar shi a Newark a 2005, ya karɓi jakarsa ya kwana a otal, washegari aka kama shi, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce kwanan nan ya fitar da shi daga kariyar.

Ku da kuke cewa ba ruwanku tunda ba ku da bindiga, ku ma ku ji. A New York, in aka samu bindiga a mota ba a jikin wani takamaimai ba, doka ta ba da damar a ɗauka ta duk waɗanda ke ciki ce. Mu kuwa mutanen cika mota ne zuwa biki da ta'aziyya. Wallahi ina mamakin wanda zai tambayi direba nawa ne kuɗin mai amma ya ji nauyin tambayarsa me ke cikin aljihun gaba.

Ko a cikin jiharku ma akwai ƙasar tarayya. Gine-ginen gwamnatin tarayya, har da ofishin da za ka je ganawar takardunka, ba a shiga da ita. Ƙa'idar gidan waya ta haɗa har da wurin ajiye motoci. Tazarar ƙafa 1,000 daga makarantar firamare ko sakandare ma haramtacciya ce, sai ga mai lasisin wannan jihar ko wanda ya cire harsashi ya kulle. Ka ga mutumin Texas da bai karɓi lasisi ba, jiharsa ta ƙyale shi, amma kai yara makaranta da safe yana iya jefa shi a hannun tarayya. Kamfanonin tasi na manhaja, Uber da Lyft, kuma suna da nasu hanin, su rufe maka manhaja kawai za su yi.

In an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, ka yi magana kafin ka motsa. A jihohi irin North Carolina wajibi ne mai lasisi ya faɗa nan take. Mu baƙar fata ne, kuma Philando Castile, baƙar fatan da ɗan sanda ya harbe a motarsa a Minnesota a 2016, yana da lasisi, ya kuma faɗa.

Yaron nan na Juma'a ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ai abokin ɗakinsa yana da ita, kuma a motarsa suke zuwa makaranta kullum. Na ba shi lambar lauyan shige da fice, na ce daga Litinin ya riƙa shiga bas.