Yadda ake zaɓen jirgin ruwa mai sitiyari a tsakiya don kamun kifi da fita da iyali a Lagdo

Mutum uku na sani a Garwa, a arewacin Kamaru kusa da tafkin Lagdo, da suka sayi irin wannan jirgi, ni ne na huɗu, kuma dukkanmu a tudu muka yi ciniki. Muka ga fenti yana sheƙi a kan tirela, muka zagaya shi sau biyu, muka biya. Kada ka bi sahunmu.

Fara da ƙirga mutanenka. Jirgi mai sitiyari a tsakiya don mai fatsa aka ƙera shi: akwatin tuƙi na tsakiya, kana zagaya shi ta ko'ina idan giwan ruwa ya ja ka daga hanci zuwa baya. Abin da ya ba ka wannan filin shi ne ya cinye wurin zama. Saboda haka idan da uwargida da yara za a fita, nemi mai benci a gaba da wani a baya, kuma gefensa ya yi tsawon da yaro ɗan shekara biyar ba zai leƙa ya rinjaya ba. A wurina duk jirgin da bai kai mita 5 ba na mutum biyu ne da abin fatsarsu. Na iyali daga mita 5 da rabi zuwa 6. Rumfa kuma ba ado ba ce, wanda ya san ranar Maris da Afrilu a nan, da zafi ke wuce digiri 40, ba sai an yi masa bayani ba.

Sai ƙasan jirgin. Mai kaifin ƙasa yana yanka igiyar ruwa da kyau, amma yana son zurfi, kuma yana rangaji idan an tsaya. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa yana shiga ruwa kaɗan, sai dai iska na tasowa zai riƙa dukan ruwa har haƙoranka su haɗu. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 ruwa ya shanye daji, kututturan itatuwa na nan a ƙasa, da rani kuma ruwa ya ja baya su matso kusa da sama. Ɗauki na tsaka-tsaki, mai kaifi a gaba, ya ɗan baje a baya.

Yanzu ga inda na sha kashi.

Na gwada nawa da hantsi, ruwa kwance kamar tabarma, daga ni sai mai sayarwa. Injin mai ƙarfin doki 25 ne. Na murɗa, jirgi ya ɗaga hanci, ya kwanta a saman ruwa yana gudu, na ce alhamdu lillahi. Washegarin Sallah muka fita mu takwas, ga kular abinci, ga jarkar mai ta ajiya, ga tabarmi. Na murɗa har ƙarshe, inji yana ta kuka, jirgi ya ƙi kwanciya. Hanci a sama, gindi a ruwa, muna tafiya kamar jaki da kaya. Tsakanin bakin allon baya, inda ake ɗaura inji, da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Da la'asar iska ta taso, ina rage gudu sai ruwan da muka baro ya biyo mu ya haye allon ya shigo. Uwargida ta rungume autanmu, ba ta ce komai ba sai "Malam, mu koma." Babban ɗana yana kwalfe ruwa da kwanon tuwo. Wani dattijo masunci da ke janye kallinsa, wato ragar kamun kifi, ya matso da kwalekwale ya ce, "Ɗana, tura manya gaba, ka bi iskar a karkace." Da haka muka kai gaɓa.

To ga yadda ake gwaji. Je da la'asar, lokacin da ruwa ke motsi. Tafi da jarkoki masu lita 25 ka cika su a bakin ruwa. Uku nauyin babban mutum ɗaya ke nan, ɗaya ta tsaya a madadin ƙaramin yaro. Jera su inda iyalinka za su zauna da gaske, domin mata da yara baya suke taruwa, nesa da feshin ruwa. Sannan ka murɗa. Idan cikin 'yan daƙiƙu hanci bai sauko ba, injin ya yi wa jirgin kaɗan. Sai ka saki mai gaba ɗaya ka waiwaya ka kalli allon baya. Ruwa ya haye, ka yi sallama da mai jirgi. Idan kuwa ya hana ka loda jarkoki, ya riga ya ba ka amsa.

Duba ƙaramin allon ƙarfe da kamfani ke mannawa kusa da sitiyari ko a baya, an rubuta iyakar doki da iyakar nauyi. Sayi injin da ya kusa wannan iyakar, kada ka wuce ta. Ga jirgin mita 5 da rabi mara nauyi, doki 40 ne farkon magana. Ka auna tsayin allon baya kuma: mai inci 15 inji mai gajeriyar ƙafa yake so, mai inci 20 doguwa. Gajeriya a dogon allo, farfela za ta riƙa shan iska, inji ya yi zafi. Don iyali ni dogon allo kawai nake yarda da shi.

Yamaha za ka saya. Ba don babu wasu masu kyau ba, sai don shi makanikan bakin ruwa suka sani, kayansa kuma ba sai ka aika Duwala ba. Amma lura, yawancin injinan masunta na hannu ne, da sanda ake juya su. Naka dole ya karɓi wayar sitiyari da ta giya, ka tambaya tun kafin ka biya. Batun mai kuwa, doki 40 irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai yana iya shan kusan lita 20 a awa idan ka matsa masa. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin gefen titi, yakan fi araha, na sani, ni ma ina saya, amma tace shi da kyalle mai tsabta, ruwa da datti ba sa yi wa kafireto daɗi. Ka raba man gida uku: na zuwa, na dawowa, na ko-ta-kwana.

Idan jirgin wanda aka taɓa amfani da shi ne, ƙwanƙwasa allon baya da ƙotar sukurdireba. Yawanci akwai katako a cikin faiba, ruɓaɓɓe yakan yi ƙara dum-dum. Kama ƙafar inji ka girgiza, allo ya motsa, ka bar shi. Taka daɓen ko'ina ka ji inda ke lotsawa. Inji na tashi ka ga yana fitsari da ƙarfi, wato yana fitar da ruwan da ke sanyaya shi, man giya kuma idan ya yi fari kamar nono ruwa ya shiga.

Saura ƙananan kaya. Rigar ceto ga kowa, ta yara daidai jikinsu, a saka tun a gaɓa. Igiyar kashe inji a ɗaure a hannunka. Filafili biyu, gora, anga, bokiti, fulogi na ajiya. Lambar inji ta dace da ta takarda, ka karɓi takardar duwan, wato ta kwastam, da rasit. Kafin fitar farko ka gaida masuntan wurin, ka tambaye su inda kututture suke da inda dorina ke kwana.